Ranar Da Aka Farke Mini Tumbi

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren 'yata Zainabu ba. A ranar ne aka kwantar da ni a kan tabarma, a gaban liman da surukaina da rabin mutanen unguwa, aka sa wuƙar yankan nama aka farke mini ciki, kuma ko ɗigon jini bai zuba ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in ɗauko zancen daga tushe.

Ni tela ne a unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda mu muke ce wa Birik. Kafin kiriz (haka muke kiran matsin nan da ya sauko wa Kamaru, aka zaftare albashi, daga baya aka karya darajar sefa) ina cikin masu rufin asiri. Ma'aikatan gwamnati da matansu har jiran layi suke yi a shagona. Kowace yamma sai na tsaya wurin masu soya, wato tsire, in ce a zaɓo mini mai kitse, a barbaɗa gishiri da magi ba tsoron Allah. Da safe kuma shayi mai madarar gwangwani, burodi ya sha bota, in ɗora da sigari. Wannan ƙoƙari nawa bai tafi a banza ba, domin na samu tumbi, irin wanda yake riga mai shi shiga masallaci.

Ku fahimce ni, a Birik tumbi matsayi ne. Mai tumbi shi ake shimfiɗa wa darduma a majalisa, shi ake tura wa ƙoƙon goro da farko, in ya yi magana ko shirme ne sai a ce, "Gaskiya ne, Alhaji," alhali ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Ni kaina an sha kira na Alhaji, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Wata rana ina dawowa daga kasuwar Mokolo da ƙullin zare da yadi a kafaɗa, ina hawa tudun nan (Yawunde ai duk tudu ce, wanda ya kafa garin bai yi shawara da masu ƙiba ba), sai na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Nauyin ya bi hannun hagu, ya hau har muƙamuƙi. Na tsaya a gindin wani shago ina yi kamar ina duba takalmina, ya lafa. Na ce ƙwannafi ne, na je gida na sha kanwa. Da ya sake dawowa na ce iska ce. Da ya dawo na uku na fara lissafa maƙiyana. Matata Asabe, wadda ba ta da haƙurin irin wannan bincike, ta ɗauki mayafi ta tasa ƙeyata zuwa asibiti.

Likitar wata 'yar kudu ce, siririya, mai gilashi, ba ta jin Hausa ko ta sannu. Ta manna mini wayoyi a ƙirji, ta ɗebi jini, bayan sakamako ya fito ta zaunar da ni ta tambaye ni da Faransanci ko na san kwatar unguwarmu. Na ce wa zai zauna a Birik bai san kwata ba? Ta ce to jijiyoyin da ke kai wa zuciyata jini haka suka koma. Kitse yana taruwa a bangonsu kaɗan-kaɗan har hanya ta ƙuntata. In na hau tudu, ko na cika ciki, ko raina ya ɓaci, zuciya sai ta nemi ƙarin jini ta rasa, shi ne nauyin da nake ji. Ranar da hanyar ta toshe gaba ɗaya kuwa, ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "C'est fini," wato an gama.

Sai ta shiga jero mini hukunci. Sigari, a bari yau ba gobe ba. Kitse da bota da soye-soye, a yi sallama. Gishiri da magi, a rage. A ci ganye da wake da kifi, a yi tafiyar ƙasa kullum, a sauke tumbi. Ta rubuta magungunan da zan sha kowace rana, sannan ta ɗaga wata 'yar ƙwaya ƙarama ta ce wannan ta ƙarƙashin harshe ce, in nauyin ya zo in zauna in sa ta nan take, in bai lafa ba a kawo ni asibiti da gudu. Ta ce in ajiye ta inda hannuna zai kai ko da idona a rufe. Ta maimaita, har ta sa Asabe ta maimaita.

Na ce, "Dokta, in an cire duk waɗannan, me ya rage wa mutum a duniya?"

Ta ce, "Zaman duniyar."

Asabe ta karɓi wannan doka kamar an naɗa ta kwamishinan 'yan sanda. Miya ta koma kamar ruwan wanke kwano, kifi sai gasashshe, zogale safe da yamma. Sigarina ta zuba a kwata ina kallo. Taksi kuwa ta haramta mini, duk abin da zan sayo a Mokolo sai a ƙafa. Na yi fushi, na yi yaji a cikin gidana, na kwana biyu ba na amsa gaisuwarta. Amma gaskiya ɗaya ce, bayan 'yan watanni na fara hawa tudun nan ba tare da na tsaya duba takalmi ba. Barci ya yi daɗi, numfashi ya buɗe. Tumbi ya sace kamar an zare masa iska, wanduna suka koma neman mai riƙe su.

A nan ne matsala ta fara, domin na rame a lokacin da bai kamata mutum ya rame ba. A shekarun kiriz, in aka ga magidanci ya zube kuma yana yawo a ƙafa, fassara biyu ce kawai: ko ya karye, ko ya kwaso ciwon nan na zamani da ba a kiran sunansa, sai dai a ɗaga gira. Babu wanda zai ce lafiya ce ta kama shi.

Akwai wani Tanko a majalisarmu, dillalin gidaje ne da, kiriz ta bar shi da dillancin zance. Shi ya fara buɗe mini wuta. "Tela, ina tumbin? Ko an kai shi jingina ne?" Aka kwashe da dariya. Washegari ya ce ya gan ni ina tafe daga Mokolo a ƙafa, taksi na yi mini oda ina kau da kai. Kafin mako ya zagayo an janye mini darduma, an daina ce mini Alhaji, wasu ma in na sha ruwa a moɗar masallaci sai in ga an ɗauraye ta fiye da ƙima.

Za ku ce me ya hana in faɗi gaskiya? Na yi tunanin haka. Amma a wurinmu in ka ce kana da ciwon zuciya, ai ka tabbatar da zancen Tanko ke nan, za a ce baƙin cikin karaya ne ya taɓa ka. Kuma wace mace ce za ta ba da atamfar Sallarta ga telan da aka ce yana iya faɗuwa a kan keke kowane lokaci? Sai na bar maganar ciwon tsakanina da Asabe.

Da abin ya tsaya a kaina, da na daure. Amma a lokacin ana maganar auren Zainabu (ba 'yar fari ba ce, don haka ina iya kiran sunanta) da Hamadu, ɗan Alhaji Buba, babban dillalin shanu a unguwar Etudi. Yaran suna son juna, irin son da in an ambaci sunan ɗaya sai ɗayan ya rasa inda zai sa idonsa. An kawo gaisuwa, saura sa rana, sai aka ji shiru. Daga baya labari ya iso mini cewa an kai wa Alhaji Buba zance, an ce ya bincika gidan da zai haɗa jini da su, uban yarinyar yana narkewa ba a san dalili ba. Zainabu ta daina cin abinci. Yarinya ce mai kunya, amma ina ganin damuwa a idonta in ta kawo mini ruwan alwala.

To, kowa da abin da Allah ya hore masa. Malami zai yi rubutu, boka zai yi turare, ni kuwa tela ne. Wata rana da azahar na rufe shago, na yanka farin yadi kamar rabin ƙwarya, na yi masa igiyoyi na ɗaurewa ta baya. Fasalin kuwa ban sha wahalar nema ba. Na daɗe ina ɗinka wa Alhaji Buba riguna, awonsa yana kaina, kuma a duk Yawunde babu tumbin da ake girmamawa kamar nasa. Shi na kwaikwaya.

Saura abin cusawa. Auduga ta yi tsada, soson katifa yana ƙara in ka sunkuya. Sai na juya ga buhun ƙyallaye da ke bayan keke. (Kada wani tela ya karanta wannan ya yi mini fuskar salihai, kowannenmu yana da buhun nan. In mai ɗinki ta ce, "Tela, ba ragowa?" amsarmu ɗaya ce tun kakanni: "Hajiya, ai da ƙyar ma ya isa.") Nawa buhun ya ƙoshi, kuma in faɗi gaskiya, wasu ƙyallayen sun isa ɗankwali har da canji.

Ban yi wauta irin ta ƙananan maƙaryata ba, ban fito da tumbi rana ɗaya ba. Kowace Juma'a nakan ƙara dunƙule ɗaya, in daddanna shi ya yi tauri. A hankali aka fara cewa, "Tela, jiki yana dawowa!" In shafa shi in ce, "Alhamdu lillahi." Fuska da wuya ne suka ƙi ba ni haɗin kai, sai na bar gemu ya cika, na koma naɗa rawani. Darduma ta dawo. Ran nan sai ga Alhaji Buba da kansa a shago, wai ya zo duba wani ɗinki. Ya gaisa da cikina kafin ya gaisa da ni, irin kallon da yake yi wa bijimi a kara, kasuwar shanu. Bai fita ba sai da aka sa rana.

Asabe ce kaɗai ba ta taya ni murna ba. Duk safiya in tana ɗaure mini igiyoyin sai ta ce, "Malam, wata nawa ne yanzu? In fara neman ragon suna?" Wata rana kuwa ba wasa a muryarta ta ce, "Ni ban taɓa ganin mutumin da Allah ya ba shi lafiya yake jin kunyarta ba sai kai." Na ce mata ba ta san sha'anin maza ba.

Akwai kuma maganar 'yar ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe. Da a aljihun gaba nake sa ta, kamar yadda likita ta ce. Amma Tanko yana da wata ɗabi'a, in yana neman goro ba ya tambaya, hannu kawai yake zurawa a aljihun mutum. Ranar da yatsunsa suka taɓa kwalbar na ce turare ne, na kama hannunsa da ƙyar. Da na koma shago sai na yi wa tumbin ɗan aljihu ta ciki, ta wajen da ke manne da fata, na sa kwalbar a can. Har na yaba wa kaina wayo. Na faɗa wa Asabe, ta dube ni ta ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Ranar ɗaurin aure na tashi da niyyar in nuna wa Birik da Etudi cewa uban amarya bai karye ba. Na juye sauran buhun gaba ɗaya a ciki. Asabe ta ɗaure da haushi, ƙulli kan ƙulli. Na sa jamfa a kai, na ɗora babbar riga ta shadda wadda ta sha sitati, na naɗa rawani. Da na fito ƙofar gida, inda aka kafa rumfa aka shimfiɗa tabarmi, sai da aka matsa mini wurin mutum biyu.

Aka ɗaura aure lafiya, aka shafa fatiha. Rana ta take, rumfar tamfol ta ɗauki zafi, ni kuwa ina zaune cikin buhun tsumma ina tsiyayar da gumi. Sai ga mutanen Etudi da babban tire. Alhaji Buba ya yanka sa don bikin, kuma a al'adar masu shanu tozo ba na kowa ba ne, na wanda ake son girmamawa ne. Ya sa aka ajiye tiren a gabana, tozo ya gasu yana ƙyalli, mai na bin gefensa. Ya zaro wuƙarsa daga kube, ya yanko da hannunsa ya miƙo mini.

"Malam, bisimilla. Yau mun zama ɗaya. Wannan naka ne, kowa ba ya taɓa sai ka ƙoshi."

Yanka na farko, wallahi don zumunci na ci, ba a mayar da hannun suruki a gaban jama'a. Na biyu don kada a ce na ci na farko da ƙyar. Daga na uku zuwa sama kuwa ba ruwan zumunci, kwaɗayi ne tsagwaronsa. Watanni ina cin zogale kamar akuya, ga tozo ya narke a harshe, na manta da likita, na manta da kwata. Har yaji da gishiri na ce a ƙaro.

Ban gama suɗe yatsu ba na ji dutsen niƙan nan ya sauka a ƙirjina. Ya bi hannun hagu. Ya hau muƙamuƙi. Wannan karon ya fi na tudun Mokolo nesa ba kusa ba, gumin da ke fito mini ya koma mai sanyi.

Na san abin da zan yi, an faɗa mini har sau biyu. Na zura hannu ta wuyan riga, jamfa ta tare ni. Na gwada ta gefe, igiyoyin Asabe sun kama ni kamar an ɗaure buhun gero. Hanya ɗaya ta rage, in ɗage babbar riga da jamfa a gaban liman, in tura hannu ƙarƙashin tumbi. Ga magani a jikina, tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba daga hannuna, ga mutuwa tana murza mini ƙirji, ni kuwa ina zaune ina auna wanne ya fi sauƙi tsakanin in mutu da Tanko ya gani. Ku yarda da ni, na ɗan jima ina wannan awon.

Na yanke shawarar in lallaɓa cikin gida. Na miƙe da ƙyar, na yi taku kaɗan, sai sanƙira ya sha gabana, maroƙin da aka ɗauko don bikin. Ya ɗaga murya yana nuna cikina da sandarsa: "Ga uban amarya! Ga wanda kiriz ta zo Birik ta ga tumbinsa ta yi kwana! Masu ramewa su rame, kai sai gaba!" Jama'a suka ɗauki shewa. Ina son in ce masa ya kauce, bakina ya ƙi. Rumfar ta juya, na ji ƙafafuna sun tafi wani wuri ba da ni ba.

Ban suma gaba ɗaya ba, da ma na suma. Ina jin komai. Wani ya ce a kawo ruwa, wani ya ce sammu ne, wani yana tofa mini addu'a a fuska har da ɓarɓashin goro. Tanko ya dafa cikina ya yi ihu, "Innalillahi, cikin ya sandare!" Na tattara ƙarfin da ya rage mini na ce, "Asabe."

Ta fito ba ko mayafin kirki, ta ratsa tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na aure ta. Kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ta kama igiyoyin ta bayan riga, ƙullin da ta yi da haushi ya ƙi kwancewa. Sai ta ɗago ta ce da ƙarfi, "Ku yanka tumbin!"

Liman ya ce, "Subhanallahi! Baiwar Allah, yi salati, ki koma ciki."

Ba ta ko dube shi ba. "Alhaji Buba, ga wuƙa a hannunka. Don girman Allah ka yanka, wallahi ba nasa ba ne!"

Alhaji Buba mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana latsa shanu don ya san mai kitse da mai iska. Ya durƙusa, ya latsa cikina da yatsa biyu, ya sake latsawa. Na ga fuskarsa ta canja. "Kai," ya ce, "wannan ba nama ba." Ya sa wuƙar da ya yanka mini tozo, ya tsarge shaddata mai sitati tun daga wuya har ƙasa, ya bi da jamfa, ya farke tumbin.

Jama'a, atamfa ta yi ambaliya. Ja, kore, ruwan goro, mai zanen tsuntsu, mai zanen fanka, leshi, shadda, har da guntun yadin makaranta. Asabe ta tura hannu cikin tarkacen ta zaro kwalbar, ta buɗe bakina ta sa ƙwayar ƙarƙashin harshe, ta sa aka jingina ni da bango, ta tura Hamadu ango ya nemo taksi. A hankali dutsen ya fara ɗagawa, numfashi ya dawo. Da na tabbata ba yau zan tafi ba, sai na ƙara runtse ido, domin ban ga da wace fuska zan buɗe shi ba.

Ihun da aka yi ya riga ya fito da matan biki daga cikin gida. Ina jingine ina jin takunsu, sai na ji muryar Hajiya Kande, wadda na fi shekara goma ina yi wa ɗinki. "La ilaha illallahu! Wannan ai atamfar Sallata ce! Ya ce mini da ƙyar ta isa!" Wata ta ce, "Ga leshina na sunan Ummi!" Matar wani ma'aikacin gwamnati, maƙwabciyarmu, ta ɗaga nata ƙyallen sama tana cewa, "Mais c'est mon pagne!", wato ai zaninta ne. Allura ta tono garma. Uban amarya yana tsakanin rai da mutuwa, mata suna tsince kayansu daga cikinsa.

Tanko ya ce, "Ashe ba tumbi ba ne, kanti ne." Liman ya kama wani irin tari wanda ni na san ba tari ba ne. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Sai na ji wani hannu mai lalle ya kama nawa, ana cewa "Baba, Baba" cikin kuka. Zainabu ce, ta fito da lulluɓinta na amarya. A nan ne dariyar mutane ta daina damuna, wata kunyar ta daban ta rufe ni. Ina ce wa kaina don ita na yi, kuma da farko don ita ne, amma ba ita ta sa na juye sauran buhun ba, ba ita ta sa na ɓoye magani ba. Saura ƙiris in mayar da yarinyar nan marainiya ranar aurenta saboda tsoron bakin Tanko. Na buɗe ido na ce mata ina nan.

A asibiti likitar nan ta tambaya ina maganin yake lokacin da ciwon ya zo. Asabe ta yi mata bayani dalla-dalla da Faransancinta na kasuwa, har da kwatance da hannu, ban taɓa ganin tana jin daɗin magana haka ba. Likita ta cire gilashi ta goge ido. Da ta natsu ta ce na tsallake rijiya da baya, amma zuciya ba ta yafe irin wannan sau biyu. Aka riƙe ni 'yan kwanaki, aka ƙara mini magani.

Auren dai an riga an ɗaura, ba mai kwance shi. Alhaji Buba ya zo duba ni, ya zauna a bakin gado yana dariya har gadon na rawa. Na faɗa masa gaskiya duka, har da cewa awonsa na ɗauka. Ya ce aƙalla na san tumbi mai kyau. Da Asabe ta fita sai ya daina dariya, ya matso ya rage murya.

"Malam, wannan nauyi da kake faɗi, yana bin hannu?"

Na ce yana bi.

"Ni ma in na bi shanu zuwa mayanka, yana zo mini. In na tsaya sai ya tafi."

Na ce, "Alhaji, likitar tana nan, ofishinta na ƙarshen baranda. Tashi mu je yanzu, ni zan yi maka tafinta."

Ya shafa cikinsa. Sannan ya ce, "Ta ce in rame, ko? A Etudi in dillali ya rame, wa zai ba shi amanar garke? Bari kasuwa ta ɗan gyaru tukuna." Na roƙe shi a ranar, na sake roƙonsa bayan an sallame ni, har na tura Hamadu ya yi masa magana. Kullum amsar ɗaya ce, bari kasuwa ta gyaru.

Ni kuwa na koma Birik siriri kamar yadda Allah ya bar ni, da sabon suna: Tumbin Atamfa. Abin mamaki, ciniki bai mutu ba, har ƙaruwa ya yi, don kowa yana son ya zo ya ga telan. Sai dai duk macen da ta kawo ɗinki, in za ta fita sai ta juyo ta ce, "Tela, ragowar a leda, ba a ciki ba."

Zainabu na da tsohon ciki aka aiko mana cewa Alhaji Buba ya faɗi a tsakiyar kara, yana cikin ciniki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bai ga jikansa ba. Ajali na Allah ne, ban isa in ce da ya je wurin likita da yana nan ba. Amma ni aka kawo wa farin yadi in haɗa likkafaninsa, ban tambayi kowa awo ba, kuma ina ɗinki hawaye na sauka a kan keke. Nawa tumbin wuƙa ɗaya ta raba ni da shi. Nasa, wanda na yi wa hassada har na kwaikwaya, da shi aka binne shi.

Ranar sadakar uku ina zaune kusa da Tanko. Ya cika baki da shinkafa da nama, yana girgiza kai yana cewa, "Allah sarki Alhaji, mutum da jikinsa mul-mul, ko ciwon kai bai yi ba." Yana faɗa yana zura hannu a aljihuna neman goro. Yatsunsa suka taɓa kwalbar, ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Maganin zuciya ne. Je ka faɗa wa kowa."

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na saye shi: mutanen da kake ɓoye ramarka don su, in ka mutu da ƙibarka ba abin da za su fasa, shinkafar sadakarka za su ci su yaba jikinka. Har yau ina zuwa Mokolo a ƙafa, ina cin zogalen Asabe ba gardama, kwalbar tana aljihun gaba tare da goro. Buhun ƙyallaye kuwa, to, tela dai tela ne, amma yanzu matashin kai nake yi da su.